Takalmin Mai Babur Tsakanin Damina da Hunturu

(An rubuto wannan ne daga faifan laccar da aka yi wa matasa masu kai saƙo a babur a cikin birnin Kano. An bar maganar kamar yadda ta fito.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji na? To madalla. Shugaba, iyayenmu da ke gaba, da ku samari, sannunku da zuwa. Ni tun daga bakin ƙofa na fara laccar nan, ku ne ba ku sani ba. Na tsaya na ƙare wa takalman da kuka tuɓe kallo. Silifas, silifas, kambas, silifas, sai wani guda ɗaya da ban san sunansa ba, ina jin mai shi ma bai sani ba. (dariya) Ga hulunan kwano kuwa an jere su ras a kan babura. Wato kai ya samu gata, ƙafa kuwa marainiya ce.

Tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana ɗaukar fasinja a babur a garin nan, mutane suka ce shi ke nan babur ya mutu. Ga shi bai mutu ba. Ɗan acaɓa ya koma adaidaita sahu, ku kuma kuka fito da akwati a baya, kuna Sharaɗa da safe, kuna Dawanau da azahar. Wanda ke wuni a kan babur, takalmi kayan aikinsa ne, kamar almakashi a wurin tela.

Abu biyar zan faɗa. Ruwa, sanyi, kariya, tafin takalmi, da girma. A riƙe mini lissafi, don na san halina.

Na farko ruwa. In na tambaye ku ta ina ruwa ke shiga takalmi, za ku ce ta fata. Da wuya. Fata mai kyau da ta sha mai tana daɗewa tana ture ruwa. Ruwa ɓarawo ne, ba ya fasa katanga in ya samu ƙofa a buɗe. Ƙofa ta farko ɗinki. Duk inda allura ta bi ta bar rami, shi ya sa takalmin da aka yi wa ado da gutsattsarin fata goma sha, kowanne da ɗinkinsa, ya fi wanda aka yanka daga fata biyu ko uku saurin yoyo. Ƙofa ta biyu harshe, wannan da ke ƙarƙashin igiya. Ga wanda na zo da shi, ku duba. Kun ga harshen a haɗe yake da jikin takalmin hagu da dama har sama, kamar fatar da ke tsakanin yatsun agwagwa? In ka sa yatsa a gefen harshe ya zarce ciki, ajiye wa mai shi kayansa. Haka zif. Ka zuge shi, ka duba ko akwai wata fata a naɗe a bayansa. In ka zuge ka hango safarka, ruwa ma zai hango ta.

Ƙofa ta uku ita ce ta kama ni, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya. Wata shekara cikin Agusta na sayi but ɗan gwanjo, dogo, mai nauyi, ina ji da shi. Don mutane su gani sai na cusa ƙafar wandona a ciki, kamar soja. Na kama titin Katsina, hadari ya haɗo, kafin Dawanau ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Duk ruwan da ya sauka a cinyata sai ya bi wando ya gangara, ina ya nufa? Cikin but. Kuma da yake takalmin na ƙwarai ne, ba ya yoyo, ko ɗigo bai fita ba. Na sauka ina tafiya ana jin cakal, cakal, na tuɓe na zazzage, wani dattijo mai sayar da gero ya dube ni ya ce, "Yaro, da ka zo da kifin ai da mun saya." (dariya) Washegari na koma zan yi wa mai takalmi rigima, ya saurare ni tsaf, ya ce, "Malam, bokiti ma in ka bar bakinsa a buɗe cika yake yi." Ban ce uffan ba. Don haka wandon ruwa a kan takalmi yake sauka, ya rufe bakinsa. A kai, ba a ciki ba. Ku maimaita wa wanda bai zo ba. A kai.

Akwai kuma ruwan da ba daga sama yake zuwa ba, daga jikinka yake fitowa. Su waye ke ɗaura leda a ƙafa in hadari ya taso? Ɗaga hannu, ba kamu za a yi ba. Yauwa, ga su nan. Ni ma na yi. Leda tana hana ruwan sama shiga, tana kuma hana gumi fita. Awa biyu ka cire, ka ga ƙafa ta yi fari ta yamutse kamar ta mai wankau, tsakanin yatsu ya fara ƙaiƙayi yana saɓulewa. Takalmin roba irin na masu aikin kwata ma haka yake, ga shi ba ya riƙe idon sawu, ga santsi. Shi na fita kasuwa ne ranar da gari ya cika, irin ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a 2022. Ba na wuni a kan babur ba ne.

Wannan matsalar ce ta sa ake maganar Gore-Tex, wanda za ku ga an rubuta a jikin wasu takalman gwanjo. Wani Ba'amurke mai suna Bob Gore ne ya gano shi a 1969. Asalinsa irin sinadarin nan ne da ake shafe cikin kaskon suya na zamani don kada ƙwai ya kama. Ya ɗumama shi ya fizge shi da ƙarfi, sai ya miƙe ya zama shimfiɗa mai ƙananan ƙofofi. Kamfanin na cewa kowace ƙofa ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, amma ta fi ƙwayar tururi girma sau 700. Wato ruwa ba ya shiga, tururin gumi yana fita. Ana ɗinka shi kamar safa a ɓoye shi tsakanin fata da shafin ciki, a liƙe ɗinkin. Wasu kamfanonin ma suna da irin nasu da wasu sunaye.

Amma ku saurara, don a nan ake cin kuɗin mutane. Tururi yana fita ne in waje ya fi ciki sanyi da bushewa. A cikin hunturu abin yana aiki sosai. Ranar da aka ɗauke ruwa a Agusta, rana ta buɗe, gari ya yi gumi, to wajen ma a jiƙe yake, sai ka ji ƙafa ta yi ɗumi duk da kuɗin da ka kashe. Sannan wannan safa ta ɓoye tana tsufa. Tana tsagewa a inda takalmi ke lanƙwasa a kan yatsu, da wajen dunduniya, kuma ido ba ya gani. Baturen da ya yar da takalmin nan ba mahaukaci ba ne, wani lokaci yoyon ne ya sa ya rabu da shi. Ga kuma na jabu, an buga sunan a jiki, ciki babu komai. To me za ka yi? Kafin ka biya ku yi magana da mai kaya a gaban shaida, cewa za ka gwada a gida. Ka tura busasshiyar takarda har can bakin yatsu, ka tsayar da takalmin a cikin baho, ruwa ya kai idon sawu, ka danne shi da dutse, ka je ka ci tuwo ka dawo. Ka zaro takarda. Ita ba ta san ciniki ba, gaskiya za ta faɗa maka.

Kuma kada ku raina na gida. Mu da muke Kano a gaya mana fata? Fatar akuyar ƙasar nan ce ayari ke ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun mutanen Maroko suka laƙaba mata sunan Maroko. Har gobe ana jima a Challawa da Sharaɗa, ga dukawa a Kurmi, ga masu ɗinkin takalma a Ƙofar Wambai. Sai dai fatar akuya taushi gare ta, ta shafin ciki ce. Waje sai fatar saniya mai kauri, ita kuwa mun cinye rabinta a miya da sunan ganda. (dariya) Ka samu shumeka mai hankali, ka ce ya rage yawan ɗinki, ya haɗe harshe, ya ɗinke tafi bayan ya sa gam, domin gam kaɗai ba ya jure ruwa da zafin inji. Kai kuma ka narka kakin zuma ka bi layin ɗinki da shi kafin damina ta faɗi. In ya jiƙe kada ka kai shi bakin murhu, kada ka shanya shi a tsakiyar rana, fatar za ta ƙandare ta tsage. Cire shimfiɗar ciki, tura takarda, ajiye a inuwa inda iska ke bi. Da safe kuma ka zazzage kafin ka zura ƙafa, kunama tana son ɗaki mai duhu ba haya.

Na nawa muke? Na uku? Wa ya ce na uku? Har yanzu muna kan na ɗaya ne, Malam. (dariya) Shugaba yana duba agogo. To bari mu yi gudu.

Sanyi. Wani zai ce Kano da ake digiri 40 a Afrilu ina ruwanta da takalmin sanyi? Fito da asuba cikin Janairu ka kama hanyar Wudil ka ba ni labari. Sanyin da mai tafiya a ƙasa yake ji daban, wanda iska ke dukan mai babur da shi daban, kuma ƙafa tana can ƙasa ba ta motsi. Yatsun da suka ƙage ba sa jin birki, wannan shi ne haɗarin, ba faso ba. Kada ka sayi mai gashi-gashi a ciki, wata biyu zai yi maka, sauran wata goma ya dafa ka. Sayi mara gashi mai ɗan sarari, ɗumin ka nemo shi a safa. Ta ulu, domin ko ta jiƙe tana riƙe ɗumi, ta auduga kuwa in ta sha gumi sanyi take ƙara maka. Takalmin da ya matse yana hana jini gudu, safa uku a cikinsa sun fi safa ɗaya sanyi. Kun ga na haɗa da maganar girma ke nan. Je kasuwa da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa sawa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, sabon takalmi a fara yawo da shi a unguwa.

Na huɗu, ko na uku ne, kariya. Ya rufe idon sawu, shi ne ƙashin da ke fara gaisawa da kwalta. Duk wanda ke da tabon salansa a ƙafar dama ya san sauran bayanin. Takalman babur na Turai suna da lamba a ciki, EN 13634, da hoton mutum a kan babur, da lambobi 1 ko 2, biyu ta fi ɗaya. In ka ga WR an gwada shi da ruwa ke nan. Tafi kuwa kama shi da hannu biyu ka murɗa kamar wanki, in ya murɗu ka bar shi. Ya zama na roba mai zane, da 'yar dunduniya da za ta kama mataki, wanda ba ya zamewa a kan baƙin mai a gaban gareji. Igiya a cusa ta ciki, na ga wanda igiyarsa ta sarƙe a giya, ya zo tsayawa a danja ƙafa ta ƙi sauka, ya kwanta a hankali kamar raƙumi. Mai ƙarfe a baki irin na 'yan kamfani yana kare yatsu, amma ƙarfen yana ɗaukar sanyi, kuma kaurinsa kan hana shi shiga ƙarƙashin giya.

Na'am? Akwai tambaya a can. Ba shi abin magana.

(Wani daga cikin masu sauraro: Malam, duk mun ji. Amma mu sau biyar muke alwala, uku a kan hanya. Wa zai tsaya kwance wannan dogon takalmin kullum? Shi ya sa muke sa silifas.)

Allah ya yi maka albarka, ƙanena. Wallahi ka fi ni gaskiya, wannan ya kamata ya zama na ɗaya. Bature bai yi takalmin nan da tunanin alwala ba. Don haka mu a nan, mai zif a gefe ko mai maɗauri na manne ya fi mana mai igiya, ka zuge ka fita cikin daƙiƙa kaɗan, amma da sharaɗin fatar nan ta bayan zif da na nuna muku. Kuma a tsane ƙafa kafin a mayar. Ƙaramin tawul a akwatin baya ya isa. Jiƙaƙƙiyar ƙafa a cikin takalmin da ba ya yoyo, kun ji labarina na Dawanau.

Sannan akwai huffi, ga Liman a zaune zai gyara mini. A littattafanmu na Malikiyya an yarda a yi shafa a kan huffi in na fata ne, mai tsarki, ɗinkakke, ya rufe idon sawu, kuma ka sa shi bayan cikakkiyar alwala ta ruwa. Wani zai ce to ai but ɗina ma fata ne. Matsalar ita ce ba za ka hau kafet ɗin masallaci da shi ba, kana tuɓewa kuwa sai wanke ƙafa. Abin da nake yi da hunturu, huffi marar kauri nake sawa a ciki tun alwalar asuba, but a kansa. In na zo masallaci na zuge but, na yi shafa a kan huffi, na shiga sahu da shi. Ga ɗumi ya ƙaru, iska ba ta ratsa fata biyu. A nan ne fatar akuyar da na ce ba ta yi waje ba take da aiki, dukawa suna ɗinka shi daidai ƙafarka. Sai dai ka tafi da huffin ranar da za ka sayi but, don ka ƙara lamba ɗaya. Liman, haka ne? Ya ce a ci gaba da bayani bayan la'asar. To ga shi ma ana kira. Mai silifas ɗin da na taka a bakin ƙofa ya yafe ni.