Gajeren dokin da aka ƙi saya: lacca kan Northern Dancer

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, iyaye, 'yan uwa masoya doki, barkanku da zuwa.

Dokin da zan yi magana a kansa yau ɗan ƙasar Kanada ne, sunansa Northern Dancer. An haife shi ran 27 ga Mayu, 1961, a gonar Windfields da ke Oshawa, mallakar wani attajiri mai suna E. P. Taylor. Ubansa Nearctic, uwarsa goɗiya ce da ake kira Natalma. Asali kam ba a magana. Abin da ya rasa shi ne jiki. Da ya shekara ɗaya aka kai shi gwanjon gonar, aka sa masa dala 25,000, masu saye suka zo, suka zagaya shi, suka wuce. Gajere ne, mai kaurin wuya, ko da ya gama girma da kaɗan ya haura mita ɗaya da rabi a kafaɗa. Haka Taylor ya mayar da abinsa barga.

Ga shi kuma da faɗa. Mai horar da shi, Horatio Luro ɗan Ajantina, har shawara ya kawo a dandaƙe shi ko ya yi sanyi. Taylor ya ce a'a. Ku riƙe wannan a'a ɗin, don duk abin da zan faɗa nan gaba a kanta ya rataya.

To, sukuwarsa ba ta yi tsawo ba. Sau 18 ya fita, ya ci 14. Ranar da duniya ta san shi ita ce ta Kentucky Derby, babbar gasar sukuwa ta Amurka, a 1964. Babban mahayin Amurka, Bill Shoemaker, ya taɓa hawansa, amma da aka zo zaɓi sai ya bar shi ya hau wani dogon doki mai suna Hill Rise. Aka ba Bill Hartack linzamin gajeren. Tazarar mil ɗaya da kwata ce, wajen mita 2,000 ke nan. Northern Dancer ya cinye ta a minti biyu cif, Hill Rise na bayansa da tsawon wuya kawai. Ba dokin da ya taɓa wannan gudu a gasar kafin shi, kuma sai a 1973 Secretariat ya zo ya rage lokacin. Shi ne dokin Kanada na farko da ya ci wannan gasa. Ya kuma ci gasar Preakness, a gasar Belmont mai mil ɗaya da rabi ya zo na uku, ya koma gida ya ci Queen's Plate, sai jijiyar ƙafa ta samu matsala, sukuwa ta ƙare yana da shekara uku. Hausawa dai sun ce gajere ba yaro ba ne.

Amma ni a ganina, da a nan labarin ya tsaya, da ba mu taru a kansa ba. Dawakan da suka fi shi gudu suna da yawa. Abin da babu kamarsa shi ne jinin da ya bari.

Ku sani, a ƙa'idar wannan jinsi na dawakin sukuwa ba a yarda da allurar maniyyi ba, dole ingarma ya hau goɗiya da kansa, in ba haka ba ba za a rubuta ɗan a littafin asali ba. Saboda haka 'ya'yan da ingarma zai samar a shekara ƙididdigaggu ne, shi ya sa barbara take da tsada. Shi kuwa namu, saboda gajarta, sai da aka yi masa ɗan tudu yake kai wa ga manyan goɗiyoyi. Na ga wasu na dariya, wallahi haka aka yi. An fara biyan dala 10,000 a barbara ɗaya. Kafin ƙarshe ana maganar dala miliyan ɗaya, kuma ba tare da alkawarin goɗiya za ta ɗauki ciki ba.

Me ya kawo haka? A 1968 wani gwanin horar da dawaki ɗan Ailan, Vincent O'Brien, ya je Windfields duba wani dukushi daban, idonsa ya faɗa kan ɗan Northern Dancer. Aka saye shi dala 84,000, aka sa masa suna Nijinsky. A 1970 ya ci manyan gasa uku na Ingila a jere: 2000 Guineas, da Derby ta Epsom, da St Leger. Tun daga shi ba a sake samun wanda ya haɗa ukun ba. Daga nan Turawa suka gane cewa jinin nan ya dace da filin ciyawa irin nasu. O'Brien da abokan harkarsa Robert Sangster da John Magnier suka riƙa zuwa gwanjon Keeneland a Kentucky suna kwashe 'ya'yansa, sai ga sarakunan Dubai sun shigo, kasuwa ta haukace. A 1983 Sheikh Mohammed bin Rashid ya biya dala miliyan 10.2 a kan ɗan shekara ɗaya mai suna Snaafi Dancer. Dokin nan bai taɓa shiga sukuwa ba, da aka kai shi barbara ma kusan bai haihu ba. Wato waɗanda suka ƙi uban don ƙanƙanta su ne irin waɗanda suka sayi ɗan don suna. Duk kuskure ɗaya ne.

Cikin 'ya'yan Northern Dancer, waɗanda suka yi kyau kuwa sun yi. Akwai Danzig, akwai Lyphard da Nureyev, sai babbansu Sadler's Wells, wanda sau 14 yana zama ingarman da 'ya'yansa suka fi cin kuɗi a Birtaniya da Ailan. Shi ya haifi Galileo da ya ci Derby a 2001. Galileo ya haifi Frankel, dokin marigayi Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, wanda ya fita sau 14 ba a taɓa wuce shi ba. Northern Dancer ya mutu ran 16 ga Nuwamba, 1990, bayan ciwon ciki mai tsanani, aka mai da gawarsa Oshawa aka binne.

Sai dai fa akwai abin dubawa, kuma masu kiwo a cikinku sun fi ni sani. Dama jinsin duka daga ingarmu uku ya fito ta wajen uba, shi kansa Northern Dancer daga zuriyar ɗayansu yake, wato Darley Arabian da aka saya a Halab ta Siriya. Yanzu an sake matse jinin, za ka ga doki yana da kaka ɗaya ta wajen uwa da ta wajen uba. Ingarman da ba ya ɗauke da jinin Northern Dancer masu kiwo suka koma nema ruwa a jallo. Mutanen Japan sun yi dace a nan. Bargoginsu cike suke da 'ya'yan Northern Taste, wani ɗan Northern Dancer, sai suka sayo Sunday Silence, wanda ya ci Kentucky Derby a 1989 amma masu kiwon Amurka ba su yi ɗokinsa ba. Ba shi da jinin Northern Dancer, don haka ya dace da goɗiyoyinsu, kuma daga shi aka samu Deep Impact da sauran dawakin da Japan ke zuwa da su Dubai da Faransa a yau.