Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu daga Hedikwatar Tsaro, a Taron Duba Amfanin Horon Ceto Sojoji daga Kashe Kai, Sakkwato

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babban baƙonmu, Manjo-Janar, ranka ya daɗe. Wakilin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya. Hafsoshi, samanjoji, likitoci da ma'aikatan jinya, limaman bariki na Musulmi da na Kirista, iyayenmu magajiyoyi shugabannin matan bariki, 'yan'uwana tsofaffin sojoji, barkanmu da wannan rana.

Yallaɓai, a madadin kwamitin da ya shirya wannan zama, ina yi maka barka da zuwa Birnin Shehu. Sannu da hanya, sannu da zafin Sakkwato. Mun san ayyukan da ka bari a Abuja, kuma mun san ba kowane babba ke yarda ya zauna a taron da za a ambaci kashe kai da sunansa ba. Zuwanka da kanka ya ɗauke wa ƙananan jami'ai rabin nauyin bakin da ke hana su magana.

Sakkwato ce mazaunin Runduna ta 8, kuma daga nan yaranmu ke shiga dazuzzukan Zamfara, Katsina da Kebbi, da gabashin jiharmu, wajen Isa da Sabon Birni. Da yawansu sun yi Borno kafin a kawo su nan. Soja ya yi watanni bai ga iyalinsa ba, ya sa abokinsa a kabari da hannunsa, ya dawo bariki ya tarar da bashi da rigimar gida, dare ya yi barci ya ƙi zuwa. Wani ya faɗa shaye-shaye, wani ya daina magana. Saboda irin waɗannan aka kawo horon da muka taru a kansa: a koya wa kofur da saje, da liman, da matar da ke maƙwabtaka, yadda za su gane wanda ya fara yanke ƙauna, su tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, su saurare shi, su raka shi wurin likita ba tare da sun bar shi shi kaɗai ba.

An yi horon, an raba takardun shaida. Abin da ya tara mu yau shi ne tambayar da ke biye: ya yi amfani?

Ranka ya daɗe, hanyar da aka fi sabawa da ita wajen amsa wannan tambaya ita ce mafi rauni. Ana ba mahalarta takardar tambayoyi kafin darasi da bayansa, a ga maki ya ƙaru, a rubuta cewa an yi nasara. Soja kuwa an horar da shi ya ce "na gane, oga". Makin ranar rufe taro yana nuna cewa mutum ya saurara, amma ba ya nuna abin da zai yi bayan wata shida, da ƙarfe biyun dare a wurin gadi, lokacin da abokinsa ya miƙa masa wayarsa da ɗan kuɗinsa ya ce ya kai wa matarsa, kamar mai bankwana. A wannan daren ne ake sanin ko horo ya shiga. Don haka muna roƙon a koma wurin waɗanda aka horar bayan watanni, a tambaye su a keɓe: ka taɓa yi wa wani tambayar? Da ya amsa, ina ka kai shi? An karɓe shi? Sai a bi sawun wanda aka kai ɗin, ko ya ga likita, ko an sake ganinsa, ko ya koma aiki lafiya.

Waɗanda suka riga mu sun bar mana darasi. Sojan saman Amurka sun fara nasu shirin a 1996, kuma binciken da aka buga a 2003 ya nuna kashe kai ya ragu da kusan kashi 33 cikin ɗari idan aka kwatanta da shekarun baya. Amma ba darasin aji kaɗai suka yi ba. Shirin ya ƙunshi matakai 11, ciki har da sa kwamandoji su riƙa magana a kai da bakinsu, da ƙarfafa sirrin wanda ya je wurin likita. Da aka yi sakaci da aiwatarwa a 2004, adadin ya sake hawa. Sojan Isra'ila kuma a 2006 suka hana yaransu tafiya gida da makami a hutun ƙarshen mako, kashe kai ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Nan ba lacca aka yi wa kowa ba, tazara aka sa tsakanin mutum da makami a sa'ar da zuciyarsa ta ƙuntata, domin irin wannan sa'ar sau da yawa takan wuce. Idan muka auna horonmu ba mu duba yadda ake riƙe ma'ajiyar makamai ba, da wanda ke da ikon karɓar bindigar mai damuwa cikin mutunci, za mu jingina wa horo nasara ko gazawar da ba tasa ba.

Akwai wani abin da nake son ya tsaya maka a rai, Yallaɓai, domin a nan ne rahoto kan yaudari mai karanta shi. Idan horon ya yi aiki, adadin masu zuwa asibiti da ciwon damuwa zai ƙaru da farko. Bataliyar da ta aiko da sunaye da yawa wataƙila ita ce wadda sajojinta suka fara tambaya. Wadda ta aiko da farar takarda kuwa ba lallai lafiya ƙalau take ba. Ranar da aka tuhumi kwamanda saboda yaransa sun nemi taimako, daga ranar za a daina kawo rahoto, mu kuma mu zauna muna murna da alƙaluman da ba su da gaskiya.

Dalilan ɓoyewa a wurinmu suna da ƙarfi. Shekara da shekaru dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, wato Final Kod, a sashe na 231, tana ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifin da ka iya jawo ɗaurin shekara ɗaya, kuma wannan tsoron ya zauna a zukatan mutane. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma tunanin jama'a bai sauya da sa hannu ba. Soja yana tsoron a ce ya taɓu, a hana shi ƙarin girma, a riƙa nuna 'ya'yansa a bariki. Iyali kuma, in abin ya auku, sukan so a ce haɗari ne. Ba na ganin laifinsu. Sai dai duk awon da bai yi la'akari da wannan ba zai ba mu adadi ƙasa da na gaskiya. Shi ya sa muke so masu tattara bayanan su kasance ba sa cikin jerin masu ba sojan umarni, kuma kada sunan kowa ya shiga fayil ɗin aikinsa.

Malamanmu suna da babban rabo a nan. Ayar da ta hana mu kashe kanmu, a Suratun Nisa'i, ta rufe ne da cewa Allah Mai jinƙai ne gare mu. Mai damuwa ya riga ya san haramcin. Abin da ya ɓace masa shi ne jinƙan. A awon da za a yi, a tambayi limamai da fastoci su ma: mutum nawa suka zo muku, kuma bayan addu'a kun haɗa su da likita?

Kayan aikin awon suna kusa da mu. Ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da likitoci da masu bincike da suka san harshen yaran nan. Muna roƙon a sa su cikin aikin tun daga tsara tambayoyi, a yi tambayoyin da Hausa da Turancin bariki, domin wanda bai gane tambaya ba zai amsa da abin da yake ganin ana so. Tunda ba a iya horar da kowa lokaci guda, a kwatanta rukunonin da suka samu horon da waɗanda ke jiran nasu layin. Kuma kada a jira adadin mutuwa kaɗai ya ba da amsa, domin a runduna ɗaya cikin shekara ɗaya yakan hau ya sauka ba tare da wani dalili ba. A haɗa da yunƙurin da aka tare, da waɗanda aka raka asibiti, da waɗanda suka ci gaba da zuwa. Magajiyoyinmu ma a saurare su, don mace kan ga canjin mijinta tun kafin samanja ya gani.

Ranka ya daɗe, nan gaba kaɗan likitoci za su gabatar da abin da suka tattara, sannan wasu daga cikin waɗanda aka horar sun nemi su gana da kai a keɓe, ba tare da manyansu ba. Muna roƙon ka ba su wannan dama. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba iyalansu haƙuri, ya kare na daji, ya mayar da kai gida lafiya.

Yallaɓai, bisimilla, wuri naka ne.