Fanisau: Garin da Dabo Ya Yi Wa Kano Garkuwa da Shi

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, iyayenmu da ke can baya, kuna jina? To madalla. Abu uku zan faɗa a kan Fanisau, in lokaci ya bari.

Na farko, asalinta. Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya hau mulki a 1819, ya tarar da tawaye ta ko'ina, kuma wanda ya fi hana shi barci shi ne Ɗan Tunku daga arewa. Sai ya yi ribaɗi, wato sansanin tsaro, a Fanisau, ya gina gida, ya zauna da dakarunsa. Baturen nan Kilafaton da ya zo Kano a 1824, can aka kai shi ya ga Sarki. Wannan zama na Dabo a can shi ya sa ake Hawan Fanisau bayan Babbar Sallah, kamar yadda ake Hawan Ɗorayi bayan Ƙaramar Sallah.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina jaki ne. E, jaki! (dariya) Ku yi dariyarku. Da rani, manomin wannan yanki zai ɗoro wa jakinsa kara ko itace, ya shigo birni da sassafe ya sayar. Ba zai koma haka nan ba. Zai bi lungu-lungu, ya cika mangala da toka da kashin awaki da sharar gida, ya kai gonarsa, ya zube tsibi-tsibi yana jiran damina. Gona ɗaya, kowace shekara ana noma ta, gero da dawa da gyaɗa, ba a barin ta ta huta, kuma ba ta gajiya. Sharar birni ta tafi ƙauye, ta dawo tuwo. Ku sake ji: ta dawo tuwo! Yau fa? Leda ce ta cika bolar, ko akuya ta ci sai ta kumbura. Alhaji, na ga kana gyaɗa kai, kai ka ga zamanin.

Na huɗu... au, na nawa muke? Ko ma na nawa ne, maganar filoti ce. Birni ya ci gonakin Ungogo, ƙaramar hukumar da Fanisau take ciki, dillalai sun yanka su hamsin-hamsin, jikan manomi yana tuƙa adaidaita. Wannan kun fi ni sani.

(Wani ɗalibi: Malam, to a ƙarshe Dabo ya ci Ɗan Tunku da yaƙi?)

Yawwa ɗana. Bai gama da shi ba. An yi ta gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardamar, aka bar wa Ɗan Tunku ƙasarsa. Ita ce masarautar Kazaure, wadda tun 1991 take cikin Jigawa. Akwai Bakazaure a nan? Ɗaga hannu mana, ba wanda zai taɓa ka, an yi sulhu tuni! (dariya)