Sunan Mujalla da Ingancin Bincike a Ilimin Tattalin Arziki

Masu kallo, idan kwamitin jami'a ya zauna domin ɗaukar malamin tattalin arziki aiki ko ƙara masa girma, abin da yakan fara dubawa shi ne sunan mujallar da ta buga maƙalarsa, sau da yawa tun kafin a san abin da maƙalar ta ƙunsa. Mujallu biyar ne suka fi kwarjini a wannan fanni: American Economic Review, Econometrica, Journal of Political Economy, Quarterly Journal of Economics da Review of Economic Studies.

Wannan ɗabi'a tana da hujja. Fannin ya rarrabu sosai, ta yadda masanin harkar kuɗi ba lallai ne ya iya auna aikin masanin ƙwadago ba, sai ya dogara ga editoci da masu tantancewa. Ƙofar shiga kuma ƙunci gare ta. David Card da Stefano DellaVigna sun nuna a 2013 cewa maƙalun da ake aika wa mujallun nan sun kusan ninkawa tsakanin 1990 da 2012, alhali waɗanda ake bugawa sun ragu daga kimanin 400 a shekara a ƙarshen shekarun 1970 zuwa kimanin 300, har kason maƙalun da ake karɓa ya sauko daga kusan kashi 15 cikin 100 zuwa kashi 6.

Sai dai sunan mujalla yana bayyana matsakaicin darajar abin da take bugawa ne, kwamiti kuwa hukunci yake yanke wa maƙala guda da mutum guda. Andrew Oswald ya ɗauki fitowar wasu mujallu ta shekarar 1981, ya ƙirga sau nawa masu bincike suka ambaci kowace maƙala cikin shekara 25, sai ya tarar cewa maƙala mafi kyau a mujalla mai matsakaicin suna takan zarce raunanan maƙalun babbar mujalla nesa ba kusa ba. Mujallun ma suna kuskure ta kowane ɓangare. Uku daga cikin manyan mujallun nan sun ƙi karɓar maƙalar George Akerlof kan kasuwar tsofaffin motoci, inda mai sayarwa ya fi mai saye sanin aibin kaya, kafin Quarterly Journal of Economics ta buga ta a 1970, kuma ita ce ginshiƙin kyautar Nobel da ya samu a 2001. A ɗaya gefen, maƙalar Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff ta 2010 kan bashin ƙasa ta fito ƙarƙashin sunan American Economic Review, a fitowar maƙalun taro da ba ta bi tantancewar da aka saba ba, 'yan siyasa suka kafa hujja da ita wajen tsuke kashe kuɗin gwamnati, sai a 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, da malamansa suka gano kuskure a lissafinta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ma'aunin yake sauya binciken kansa. James Heckman, wanda shi ma ya yi aikin edita a Journal of Political Economy, da Sidharth Moktan sun nuna a 2020 cewa bugawa a mujallun biyar tana da tasiri mai ƙarfi wajen tabbatar da malami a kujerarsa a manyan jami'o'in Amurka, alhali maƙalu da dama masu tasiri a wasu mujallu suka fito. Matashin da aka ba 'yan shekaru kaɗan ya nuna ƙwazonsa zai zaɓi tambayar da za ta burge tsirarun editoci, ya guji aiki mai jinkirin sakamako ko sake gwada binciken wani. Jishnu Das da abokan aikinsa sun kuma gano a 2013 cewa maƙalar da ta yi nazarin Amurka ta fi samun shiga mujallun nan sau da dama a kan wadda ta yi nazarin wata ƙasa, don haka mai nazarin talauci ko noma a ƙasa mai ƙaramin ƙarfi yana shiga gasar ne da rashin rinjaye tun daga zaɓen batu.