Witwatersrand: Tudun da Kuɗin Afirka ta Kudu Ya Ari Sunansa

Tun ranar 14 ga Fabrairun 1961 ake kiran kuɗin Afirka ta Kudu da suna rand, kuma an ɗauko sunan ne daga wani dogon tudu mai duwatsu wanda birnin Johannesburg yake zaune a kansa. Cikakken sunan tudun shi ne Witwatersrand.

Kalmomi uku aka haɗa. A Holanci, "wit" na nufin fari, "water" na nufin ruwa, "rand" kuwa gefe ko bakin wani abu. Harshen Afrikaans ya tsiro ne daga Holancin da Turawan Holan suka zo da shi gaɓar Cape tun 1652, kuma a bakin masu wannan harshe kalmar "rand" ta ƙara ɗaukar ma'anar dogon tudu mai duwatsu. Ke nan, ma'anar sunan ita ce tudun fararen ruwaye.

Ana danganta wannan farin da ƙoramun da ke zubowa daga saman duwatsun ta gefen arewa suna kumfa, wasu kuma suna danganta shi da ƙyallin fararen duwatsun da kansu bayan an ɗauke ruwan sama. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, manoma da makiyayan Bowa, wato Turawa masu magana da Afrikaans, da suka iso yankin a ƙarni na 19 ruwa suka gani suka raɗa wa wurin suna, domin a lokacin ruwa ne babbar dukiyar mai garken shanu. Sunan kuwa ya dace ƙwarai, domin tudun ne ke raba ruwan yankin gida biyu: wanda ya gangara arewa yana bin kogin Limpopo zuwa Tekun Indiya, wanda ya gangara kudu kuma yana shiga kogin Vaal, sannan Orange, har zuwa Tekun Atlantika.

A 1886 aka gano zinari a gonar Langlaagte, sai masu haƙa suka yi ta kwarara, Johannesburg ta kafu, jama'a suka taƙaita sunan suka riƙa cewa Rand kawai. A 1994 aka kafa lardin da Johannesburg take ciki, daga baya aka sanya masa suna Gauteng, wato wurin zinari a harshen Sesotho, kuma ita kanta kalmar "gauta", wato zinari a Sesotho, an aro ta ne daga "goud", sunan zinari a Afrikaans.