Jawabi ga masu yi wa ’yan uwa tafinta a asibiti da kotu

Assalamu alaikum. Malam Shugaba, iyayenmu maza da mata, ’yan uwa, barkanmu da zuwa.

Da yawanmu a nan an taɓa kiran mu mu raka wani wurin likita ko ofishin shige da fice don mu yi masa tafinta. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wurin maganar da ke ɗauke da hoto, wato karin magana ko zancen da ma’anarsa ba ita ce ta zahirin kalmominsa ba. Mara lafiya ya ce “gabana yana faɗuwa”, tafinta ya juya ta kalma da kalma, sai likita ya hau binciken ƙirji, alhali mutumin fargaba yake nufi. “Jikina ya mutu” kasala ce ko karayar zuciya. “Shawara” a bakin uwa mai jariri cuta ce mai sa ido ya yi rawaya. “Ciwon sanyi” kuwa sai an tambaya, don wani mura yake nufi, wani kuma ciwon al’aura da kunya ta hana shi faɗa.

Hanya uku ce ta juya irin wannan magana. Idan harshen can yana da kwatankwacin hoton, a ba da shi: inda Bature ya ce ana ruwan kyanwoyi da karnuka, mu ruwa kamar da bakin ƙwarya muke cewa. Idan babu, a tuɓe hoton a ba da ma’anar kawai, “ya riga mu gidan gaskiya” ta zama “ya rasu”. Ta ukun ita ce a kawo hoton yadda yake, a bi shi da gajeren bayani, kuma a kotu ita ta fi aminci, domin lauya na iya dawowa kan ainihin kalmar bayan minti goma, ga shi kai ka riga ka musanya ta.

Manya ma sun sha wannan. A 1956 Khrushchev, shugaban Tarayyar Soviet na lokacin, ya faɗa wa jakadun Yamma a Mosko maganar da aka juya da “za mu binne ku”, aka ɗauke ta barazanar yaƙi, alhali abin da ake fahimta a Rashanci shi ne za mu ga bayanku muna raye.

Kafin a fara, ka roƙi mai magana ya riƙa tsayawa bayan jimla biyu ko uku. Ka yi magana da “ni” kamar shi ne, ban da “wai ya ce”. In karin magana ta ɗaure maka, kada ka yi shaci-faɗi. Ka ce “tafinta ne ke magana, zan nemi ƙarin bayani”, ka tambayi mai ita, sannan ka faɗa wa ɗaya ɓangaren abin da kuka tattauna, don kada a zaci kuna haɗa baki. Kuma idan wani ya ce iska ce ta taɓa shi, ka isar da ita haka, ka bayyana cewa aljanu ake nufi. Ko rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ce ko wani abu, likita ne zai tantance.