Ina tsumman gwanjo yake zuwa?

[Kasuwar Dole, Damagaram. Ana yanke igiyar dila.]

Ku tsaya ku ga yadda ake fasa dilar nan. Kayan sun fito daga akwatunan tara tufafi na Turai, an tantance su, an matse, an loda a jirgin ruwa, mota ta haye da su har nan. Wannan duk kun sani.

Abin da ke yawo a WhatsApp kwanan nan shi ne wai ragowar da ba ta sayu ba ana kwashe ta a mayar masana'anta, a sake saƙa sabon yadi da ita. Jama'a, da wuya hakan ta faru. Wani rahoto na gidauniyar Ellen MacArthur a 2017 ya nuna abin da ake mayarwa sabuwar tufa daga tsofaffi bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

[Hannun tela, zare biyu, ashana.]

Ga dalili. Malam ya ciro zare biyu. Na farko auduga ce, ta ci wuta ta zama toka. Na biyun polyesta ne: ku duba, narkewa ya yi ya dunƙule kamar ƙonanniyar leda, domin asalinsa man fetur ne. To, riguna masu yawa a dilar nan an murɗe zaren biyu wuri ɗaya, wasu har da roba mai talewa. Kafin a sake saƙawa sai an raba su. Injin da ke yayyaga tsumma ba ya rabawa, gutsuttsura zaren yake yi, shi ya sa ko auduga zalla sai an haɗa ta da sabuwa kafin ta yi ƙarko. Rabawa da sinadarai akwai ta, amma tsada gare ta, masana'antunta kuma ba su da yawa. Ga zif, ga maɓalli, ga rini, kowanne sai an yi fama da shi, galibi da hannu.

Ita kuwa rigar da aka rubuta mata an sake sarrafa ta, yawanci robar ruwan sha aka narkar aka yi zarenta.

[Tulin tsumma a bayan rumfa.]

A kasuwar Kantamanto ta Ghana, an ƙiyasta kusan kashi 40 cikin 100 na kayan da ke shigowa shara suke ƙarewa. A nan mu masu katifa da matashin kai suna ceton wani abu, Allah ya saka musu, sauran bola ce ko wuta.

Abin da ke ci mini rai shi ne mai ɗaukar asarar. Ɗan kasuwa ya biya kuɗin dila a rufe, bai ga cikinta ba. Faransa tun 2007 take karɓar kuɗin kula da tsofaffin tufafi daga kamfanoni, amma mai share rumfar nan da yamma ba ya cikin lissafin.